Neman Yardar Inna Kan Dusar Ƙanƙara

Birnin Kudu

Ana idar da sallar asuba na fito, sanyi na ratsa mayafi, ko yara ban tasa ba. Autanmu Habibu ne ya fitar da ni, wanda ke karatu a Turkiyya. 'Yan ajinsu sun shirya zuwa hutun hunturu kan wasu duwatsu, inda ake ɗaura dogayen katakai a ƙafa a yi ta zamiya a kan ƙanƙara. Washegari za a rufe karɓar suna a masauki, shi kuwa ya ce ba inda za shi sai Inna ta yarda. An kira ta a wayar maƙwabci, tana jin "ƙanƙara" ta ce a'a, ta miƙa wa mai waya abarsa.

Na sami ƙaramar mota a tasha, mu huɗu a baya, buhun barkonon wata baiwar Allah a gefena. Atishawa na yi ta yi har shingen 'yan sanda.

Gwaram

Hantsi ya ɗaga muka iso. Direba ya ce, "Hajiya, biki ko suna?"

Na ce, "Lallashi za ni, tsohuwa ta kafe."

"To saya mata farin goro. Tsohuwa ba ta musu da goro a baki."

Na bi shawararsa, na sha koko da ƙosai a tsaye, na hau acaɓa zuwa Zandam.

Zandam

Na tarar da Inna za ta jiƙa wa awaki dusa. Muka gaisa, ta karɓi goro ta ƙulle a bakin zane, ko ɓantara ba ta yi ba. Dabarar direba ta sha ruwa.

"Na san abin da ya kawo ki, Asabe. Shekarar da aka yi ƙanƙara kina goye. Ta yi wa geronmu fata-fata, ta kashe min ɗan tunkiya, ta rotse babanku Malam. Mutane na gudu ɗaka, shi zai bi ta har gidan ubanta?"

Sai a nan na gane. Ita ƙanƙara ɗaya ta sani, mai jifa.

"Inna, tasu ba ta rotsi. Dusar ƙanƙara ake ce mata."

"Dusa?"

Na nuna mata bidiyon da ya turo. Ta ƙura ido, sannan ta ɗebo dusa daga ƙwarya ta sake ta a hankali. "Kamar haka take sauka?"

"Ta ma fi laushi, sai dai sanyi."

Da ta ga wani ƙato ya silalo ya wuntsila, dariya ta ƙwace mata. "Au, wannan ne? Mu ma mun yi zamiya a duwatsun garinku Birnin Kudu, har zane na yaga."

Can ta ce, "Da ya tafi abinsa, wa zai gaya min?"

"Babu kowa, Inna."

"Amma ya tsaya jirana." Ta goge ido da gefen ɗankwali. Ni ma zuciyata ta karye. Na danna mata waya ta yi masa saƙon murya: "Auta, je ka, Allah ya tsare. Ka rufe kunnuwanka, ka san ka da mura."

Ta cika ni da dambu da fura, ta rako ni har bakin hanya.

Komawa gida

Ba intanet a Zandam, saƙon bai tafi ba sai da muka fito Gwaram. Ana kiran magariba na shiga gida, amsarsa na shigowa. Na zaci ihun murna zan ji, sai na ji murya tana rawa.

"Yaya, na ba da sunana. Amma na yi ta maimaita saƙon nan. Yaushe muryar Inna ta tsufa haka? Hutu mai zuwa gida zan taho."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Gobe zan kira maƙwabcin nan ya kai mata waya, ta ji da kunnenta.