Alkyabbar Bulus da ba a ɗinka wa gicciye ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Bulus, abokin ɗakina a unguwar Sulay ta Riyadh, kuma har yau ban yi masa kuka ba. Ba taurin zuciya ba ne. Abin ne ya zo ya zauna mini a ƙirji ya ƙi motsi, ni ma na daina jiran ya motsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in tashi in tafi aiki. Bana dai na zauna.

Bulus ɗan Katolika ne daga kudancin Kaduna, mai gyaran wutar lantarki a Birnin Masana'antu na Biyu, ni kuma direban motar kaya. Hausa ce ta haɗa mu ɗaki a Riyadh. Ban taɓa ganin talaka mai son sarauta irinsa ba. Ba ma irin tamu ta gida ba, ta Turawan da can, sarakunan da ake shafa wa mai a ka a cikin coci, bishop ya ɗora musu kambi. Ran Juma'a muna shirin masallaci, shi yana kishingiɗe da waya yana kallon tsofaffin bukukuwan naɗi. Har haushi yake ji wai Paparoma ya daina sa kambi tun kafin a haife shi. Ranka ya daɗe muke ce masa don tsokana, shi kuwa ya ɗaga mana hannu ko kunya babu.

Burinsa ɗaya ne. A cocinsu akwai wata ƙungiya da suke kira jarumai, masu alkyabba da takobi da hula mai gashin tsuntsu. Su ke yi wa bishop rakiya, kuma idan ɗayansu ya mutu sukan jeru a ƙofar coci su haɗa takubba a sama, a wuce da gawar ta ƙarƙashi. Bulus ya yi shekaru yana neman shiga, a ƙarshe aka amince masa. Saura ya je gida ya durƙusa a ɗora masa takobi a kafaɗa. Sai dai zuwa gida sai da izinin kafili, wato mai kamfanin da ya ɗauko shi, shi kuwa kafili amsarsa kullum ɗaya ce, gobe.

Kafin goben ta zo ya ja ni kasuwar Batha wurin wani tela. Ya zana masa alkyabbar a bayan kwali, baƙa mai jan ciki. A kafaɗa ya kamata a ɗinka gicciye, amma a garin nan wa zai buɗe baki ya gaya wa tela haka? Ya bar wurin fili, ya ce Saratu matarsa za ta ɗinka idan ya isa. Ranar da muka karɓo ta ya yafa a tsakar ɗaki, ga singileti ga silifas, yana takawa ɗaya-ɗaya tsakanin gadaje. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Shi ya ba ni labarin yadda ake binne sarakunan Ostiriya. Idan an kawo gawa ƙofar hubbare sai a ƙwanƙwasa, limamin da ke ciki ya tambaya wane ne. A jero masa sarautun mamacin, ya ce bai san shi ba. A sake, ya ce bai san shi ba. Sai an ce wani bawan Allah ne mai zunubi sannan ya buɗe. Na ce masa ai ga maƙabarta nan kusa da Batha, sarakunan ƙasar nan na kwance ciki babu ko suna a kan kabari, ba a kuma wahalar da kowa da ƙwanƙwasa. Ya ce, "Alhaji, ba ka gane ba. Daɗin abin a jero sarautun tukuna."

A wurin aiki ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Gawar ta yi makonni ana jiran izinin fita da ita. Hutun da aka hana shi yana da rai, ni aka ba don in raka gawarsa gida. Na ninke alkyabbar na sa a jakar hannu.

Yanzu garin ya canza. Jirgin ƙasa na ratsa Batha, kuma ma'aikata da yawa na iya neman izinin tafiya gida da kansu ta waya. Nakan ga yaran yanzu suna dannawa, in kawar da kai. Da aka yi jana'izar Paparoma kwanakin baya, aka ce shi ya nemi a sa shi a akwatin katako kawai, na kalla a waya ina tunanin me Bulus zai ce. Na san zai yi tsaki, ya ce an rage armashi, sannan ya kalla har ƙarshe.

Ranar jana'izar Bulus a garinsu jaruman sun zo, amma cikin kayan gida. Shugabansu dattijo ne mai sanyin murya. Da na miƙa alkyabbar ya ce, "Alhaji, mun gode da ɗawainiya. Amma ba a kai ga naɗa shi ba. Ƙa'ida ba ta bari a sa masa kayanmu, ba kuma za mu ɗaga masa takobi ba." Ban ji haushi ba. Ban ji komai ba. Na tsaya riƙe da ita kamar wanda aka aika ya manta saƙo.

Saratu ce ta karɓe ta daga hannuna, ta warware ta a gabansa. Ta ce, "Baba, duba mini, ina alamarku a jiki?" Dattijon ya juya kafaɗar, ya shafa filin wurin, ya ce babu. Ta ce, "To ashe mayafi ne. Mijina ya saya, da shi zan rufe shi." Ta lulluɓe shi da ita, jan yana ciki, aka rufe akwati. Aka shiga da shi coci babu takobi ko ɗaya a sama, Fada limamin cocin kuma da ya tashi yi masa addu'a, bawan Allah Bulus kawai ya ce.

Idan na auna abin da ya rage nasa, ba shi da yawa. Ɗakinmu an zuba wasu, shagon telan ya koma na sayar da waya. Ni abin da nake gani kawai shi ne mutum da silifas yana takawa tsakanin gadaje. Saratu kuwa takan kira ni duk shekara. Bana ta gaya mini cewa tun lokacin da ya ce mata yana tafe ta yanka gicciyen da jan ƙyalle, har yau yana cikin gwangwanin allurarta. Ta ce da ya iso da rai da ta ɗinka, amma da ta yi gaggawar ɗinkawa a ranar jana'izar, da ba a bar shi ya tafi da alkyabbar ba.

Na ce haka ne, Madam. Na ajiye waya, sannan na tashi na tafi aiki.