Littafin da Yaya Rabi ta ɗinke da basilla

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da aka kai Yaya Rabi makwancinta a Gozaki, amma har yau in na ga wani sabon abin zamani sai in ji bakina ya motsa zan kira sunanta. Makon jiya a cikin adaidaita a Malumfashi, wata yarinya da ke kusa da ni ta toshe kunnuwanta da wasu 'yan fararen abubuwa, tana ta faɗa da wani wanda ba ya wurin, har da nuna yatsa. Kowa ya share ta. Ni kaɗai na tuntsire da dariya har mai adaidaitan ya waigo, don na taɓa jin labarin irin wannan yarinyar tun ba a haifi uwarta ba, kuma a bakin yayata na ji shi.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke da ita. A makarantar horon malamai mata ta kamu da ciwon karatun littattafan soyayya na Turanci, cikin shekarun saba'in, kuma ba ta warke ba har ta koma ga Allah. Ba karatun hankali kwance take yi ba, kuka take yi haiƙan. Akwai hutun da Inna ta leƙa ɗaki ta tarar da ita sharkaf da hawaye, ta dafe ƙirji tana salati tana tambayar wa ya rasu. Da aka ce mata ai wani Bature ne a cikin takarda ya ƙi komawa wajen budurwarsa, Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarta da kyau.

Mun zaci mai irin wannan karatu ba za ta auri kowa ba sai ɗan boko mai kwat. Da aka tura ta koyarwa firamare a Gozaki, sai ga shi ta kawo mana Malam Isuhu, manomin auduga mai injin niƙa a ƙofar gida. Ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami, amma boko ko baƙi ɗaya bai sani ba. Mutum ne mai ji da aikin hannunsa. In an tattake auduga a buhu, wani ne zai riƙe baki, amma ɗinkin ba ya barin wa kowa, kuma a kasuwar auduga ana gane buhunsa tun daga nesa saboda jerin ɗinkin. Ni kuwa wasan ƙanwar mata ya ba ni damar tsokanarsa son raina, shi ma ba ya raga min.

Littattafan a Funtuwa take samo su, a rumfar wani Inyamuri da ya daɗe a garin, Baban Chinedu, mai sayar da tsofaffin littattafai da jaridu. Wajen tsakiyar shekarun tamanin aka fara kawo masa wasu iri daban, masu bango baƙi da shuɗi. Labarin duniyar gaba ne, amma ba ta shekaru dubu ba, ta gobe ko jibi. Birane ne masu benaye da suka tare rana, ruwan sama ba ya ɗaukewa, kamfanoni sun fi hukuma ƙarfi, mutum zai soka waya a ƙeyarsa ya shiga cikin na'ura ya yi sata bai haura katangar kowa ba. Na gwada guda na ajiye, na ce mata wannan ai mafarkin mai zazzaɓi ne. Ta ce, "Kulu, ke dai ba ki duba da kyau ba. An canza komai amma talaka na nan inda aka bar shi, kuma har a can ɗin mutum na neman wanda zai tambaye shi ko ya ci abinci." Daga nan ta raba zuciyarta biyu, rabi na masu kuka, rabi na masu waya a ƙeya.

A farkon wata damina bel ɗin injin niƙa ya kama hannun rigar Malam. Kafin a kashe injin aikin gama ya gama. A asibiti aka yanke hannun dama daga ƙasan gwiwar hannu. Ciwon ya warke da wuri, mutumin ne bai warke ba. Ya daina fita masallacin ƙofar gida, ya bar wa ƙannensa gona, ya koma zaman gindin dalbejiyar tsakar gida yana ɓoye dungulmin a cikin riga. Abin da ya fi ci masa rai shi ne sai an ɗaure masa mazagi. Ran nan, a gabana, ya ce da Yaya ba tare da ya ɗaga murya ba, "Malama, ba zan zauna albashinki na ciyar da ni ba. Ki yi haƙuri a kai audugar bana kasuwa, in haɗa miki abin da ya sawwaƙa, in sawwaƙe miki. Da sauran ƙuruciyarki." Yaya ta yi magiya, Inna ta zo da kanta, limamin unguwa ya sa baki, duk a banza. Malam in ya kafe ya kafe, kuma a ganinsa alheri yake yi mata, wanda ya sa abin ya fi wuyar kwancewa.

Na tsorata ƙwarai, don na san irin son da take yi masa. Ita kuwa da ta ga magana ba ta shiga, sai ta bar maganar. Kullum bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma kusa da shi, ta ɗauko wani littafin cikin baƙaƙen nan tana karantawa tana juya wa kanta da Hausa a fili, wai don ta fi fahimta. Labarin wani direban babbar mota ne da ya rasa hannu, kamfani ya ba shi aron na ƙarfe, in ya saɓa musu su kashe hannun daga ofis. Sunayen Turawan sun yi mata nauyi, ta raɗa masa Mamman, matar da yake so kuma, mai gyaran lema a ƙarƙashin gada, ta zama Talatu. Da farko Malam juya baya yake yi. Bayan 'yan kwanaki aka ji ya yi tsaki ya ce wannan Mamman sakarai ne, mi zai sa shi amsar hannun da ba shi da iko da shi? Yaya ba ta ko ɗago kai ba, ta ci gaba.

Kafin auduga ta fashe, Malam ne ke tambayar ko an tashi daga makaranta. Amma ya kafa doka. Shi mutum ne mai girmama rubutu, ya ce abin da ke takardar za ta faɗa masa, ban da ƙari, ban da ragi. Yakan karɓi littafin ya auna kaurin abin da ya rage da babban yatsansa na hagu. Mamman a cikin labarin ya gudu daga Talatu don kada ya jawo mata masifa, kuma tambaya ɗaya Malam ke yi kullum: "To, ita ta haƙura da shi ke nan?"

A nan gizo ke saƙar. Littafin ba shi da bangon baya, kuma da Yaya ta leƙa ta ga ba bango kaɗai ya tafi ba. Labarin ya yanke ne a tsakiyar magana, Mamman yana tsaye cikin ruwa, Talatu ba ta san inda yake ba. Wata Asabar muka hau mota zuwa Funtuwa. Baban Chinedu ya juya littafin, ya sosa ƙeya, ya ce da Hausarsa da ta fi ta wasu Hausawan, "Malama, wallahi sai dai haƙuri. In littafi ya daɗe bai fita ba, yara na yagar wa mai tsire daga baya. Ƙarshen nan tuni wani ya cinye nama a cikinsa." Ya zazzage buhunan littattafansa kaf, babu irinsa. Na yi dariya har da hawaye, na waiga na ga Yaya ba ta dariya.

Da muka dawo ta buɗe akwatinta ta ɗauko littafin soyayyar da ta fi ƙauna a duniya, wanda ya sa Inna salati, wanda ko aro ba ta taɓa ba ni ba. Ta sa reza ta yanke babinsa na ƙarshe. Na ce, "Yaya, kin haukace?" Ta ce, "Riƙe min nan, ki rufe baki." Muka huda gefen takardun da ƙusa, ta ɗauko basillar Malam da zaren buhu ta haɗe ƙarshen wancan da jikin wannan. Yaya ta iya alli da allo, amma ɗinki ba nata ba ne. Abin ya fito a karkace, takardun baya sun fi na gaba fari, har sun ɗan fi su tsawo.

Ranar da karatun ya kai wurin ɗinkin ina nan. An gama tsince auduga, ƙannen Malam sun tattake buhuna sun jingine a tsakar gida, bakunansu a buɗe, don ba wanda ya iya ɗaukar basilla a gabansa. Washegari za a kai kasuwa, kuma dukanmu mun san abin da ke bayan kasuwar. Yaya ta buɗe fararen shafukan ta ci gaba da karatu. Nan take birnin nan mai duhu ya zama karkara mai ciyawa da tumaki, Talatu ta bi sawun Mamman har wata bukka, ta ce masa ba shi ne zai yanke mata abin da za ta iya ɗauka ba, in ya kore ta ta ƙofa za ta zauna a bakin ƙofar. Wannan duk yana cikin takardar, ba ta ƙara ba. Inda aka ce ya rungume ta da hannu biyu ne kawai ta yi tari ta tsallake.

Malam ya ce, "Ikon Allah. Ruwan da ake ta yi tun farkon littafi yau ya ɗauke, har da tumaki." Ya miƙo hannu ta ba shi. Ya juya littafin, ya shafa zaren da yatsa, ya daɗe yana kallonsa. Ni dai na sadda kai, na ce shi ke nan, asiri ya tonu.

"Wannan zarena ne," in ji shi. "Wa ya yi wannan ɗinkin?"

"Ni ce, Malam."

"Kulu ta riƙe miki?"

"Ita ce."

"Shi ya sa. Daga mai ɗinkin har mai riƙon ba na kirki." Ya ja zaren da haƙori ya warware shi tas. Sai na ji ya ce da Yaya, "Kawo basillar. Riƙe nan, ki matse da kyau, kada ki saki sai na ce."

Da hannun hagu ya ɗinke shi, a hankali, yana zufa, basillar na kuɓucewa yana sake kamawa, Yaya na riƙe hawaye na ɗiga a kan takardar ba ta da hannun sharewa. Shi ne aikin farko da ya yi tun ranar injin. Da ya ƙulle zaren ya dubi buhunan da ke jingine ya ce mata, tunda ta fara koyon riƙo, ta taso kada magariba ta same su. An kai auduga kasuwa da ɗinkin hagu a bakin kowane buhu, kuma maganar sawwaƙewa ba ta sake fitowa daga bakinsa ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. Rabin abin da na kira mafarkin zazzaɓi ya tabbata. Ana yashe mutum ta waya yana zaune a ɗakinsa, jikokinta na hira da na'ura tana ba su amsa, na kuma ga hoton hannun roba mai motsa yatsu. Na san za ta dube ni ta ce, "Ban gaya miki ba?" har sai na gaji. Na san kuma za ta yi baƙin ciki ta ga manoman wajen Dandume na tsoron zuwa gonakinsu, don wannan ɓangaren na littattafanta, inda ran talaka ba ya da daraja, ba ta taɓa fatan ya zo ba. Amma ba na jin za ta tsorata da zamanin. Za ta karɓi wayar jikarta ne ta nemi inda ake ajiye labaran soyayya, mu rasa kanta har dare.

Ɗalibanta da yawa sun zama manya, wasu kan tare ni su yi mata addu'a, ina jin daɗin hakan. Amma in an tambaye ni abin da ya rage nata, ba makaranta nake fara tunawa ba. Malam na nan da ransa, ya tsufa tukuf, bai sake aure ba duk da tsokanar da na sha yi masa. Littafin na cikin jakar fatar da yake ajiye carbinsa. Da muka je gaishe shi da sallar bana, babban jikansa da ke jami'a ya ɗauko littafin ya ce, "Kaka, ai yanzu in na sa sunansa a waya zan samo maka ainihin ƙarshensa, in karanta maka."

Malam ya karɓe abinsa ya mayar cikin jaka.

"Bar wayarka," ya ce. "Na san ƙarshensa. Ni na ɗinka, kakarka na riƙe."

Allah ya jiƙan Yaya Rabi, ya sa ta huta.