Agogon da Ya Raba Ni da Taubashina

Shekara uku da suka wuce ni dillalin shanu ne a karar Wudil, mai baki, mai saurin hawa, karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba. Ba zan faɗi sunana ba, wanda ya san ni zai gane. A lokacin ne jiri ya kayar da ni a tsakiyar kasuwa, aka kai ni asibiti suka ce hawan jini ne. Mijin 'yata, wanda ke aiki a jami'a, ya kawo mini agogo mai auna bugun zuciya ya ɗaura mini. Ya yi dogon bayani, rabi da Turanci. Abin da na riƙe kawai shi ne kore lafiya, ja matsala. Girman kai ya hana ni in ce wa suruki ya maimaita.

Ina da taubashi a Utai, ɗan ƙanwar mahaifina, tare aka yi mana kaciya. Duk Juma'a sai ya zo kasuwa a kan tsohon babur ɗinsa, ba ya sayen ko akuya, tsokanata kawai ke kawo shi. Ya kira ni bawansa, in kira shi matsiyaci, mu yi ta yi har mutane su taru. Da ya ga agogon sai ya ce ai yanzu ko bayan gida zan zaga sai na nemi izininsa. Na yi dariya har da hawaye, na rama. Sai abin ya girgiza a hannuna. Na duba, ja. Juma'a ta biyu haka, ta uku ma haka. In ina zaune ni kaɗai kore ne, da ya sauko daga babur ya buɗe baki sai ja. Na ce a raina mutumin nan shi zai kashe ni.

A gaban dillalai na ce masa kada ya ƙara zuwa rumfata, wasa ya ƙare. Ya ɗauka sabon salon tsiya ne, ya tafi yana dariya. Mako na gaba ya zo da rake, wai ya kawo wa bawansa abinci. Na juya masa baya har ya gaji da tsayuwa, ya jingine raken a jikin turke ya tafi. Kowa ya san ba a fushi da taubashi. Dattawa suka yi mini magana, na nuna musu agogo. Daga nan na daina zaman majalisa, don can ma gardama tana sa shi ja. Na koma zaure ni kaɗai ina kallon kore, wai ni mai kula da lafiya.

Da damina matarsa ta aiko cewa yana kwance, wai ya ce in zo da agogon in auna shi, a ga ko shi ma zai yi ja. Na ce wato har yanzu bai daina ba. Ban gane cewa iyakar hanyar da ya sani ta kirana ke nan ba. Ranar Laraba aka yi mini waya. Ina ɗauke da makararsa agogon ya yi ta girgiza, ban ko duba ba.

Daga baya wata ma'aikaciyar asibiti ta ce mini dariya ma tana ɗaga bugun zuciya, haka tafiya, haka murna, kuma wannan agogon ba hawan jini yake aunawa ba. Ta ce me ya hana ni tambaya. 

Ni ban ce na'ura ƙarya take yi ba. Ƙirga bugu ta iya, amma ba ta san dalilinsa ba. Duk wanda aka ɗaura wa irin wannan abu, ya ajiye girman kai ya tambayi masu sani, kada ya auna ɗan'uwansa da shi kamar yadda na yi. Har yau agogon yana hannuna. Jiya Juma'a, tun safe har magariba kore ne. Babu wanda ya kira ni bawansa.