Sikelin Don Anacleto

Don Anacleto Ferreyra ya shekara talatin yana gyaran agogo a garin General Acha, amma in kana son ganin haƙorinsa, ɗauko masa zancen harsashi. Ba ya sayen na kanti. Da hannunsa yake ɗura nasa, yana auna albarushi a wani tsohon sikeli mai allura, taga a rufe, fanka a kashe. Matarsa Doña Nélida takan ce ita ko tana amarya ba ta sha lallashin da sikelin nan yake sha ba.

Abin tinƙahonsa ɗaya ne: ya harba goma, na'urar auna gudu ta filin harbinmu ta nuna duk kansu ɗaya.

Bara da sanyi sai abin ya rikice. Wannan ya fita a guje, wancan kamar an tashe shi daga barci. Ya sake auna kwanso, ya goge sikeli, ya canza tabarau, duk a banza. Wata Lahadi muna gashin nama ya ce ido ya tafi, hannu ya bi shi, shi ya daina. Nan take ya ba Tiburcio makanike sikelin, mutumin da ko gishirin nama da ka yake zubawa.

Da ƙyar na lallaɓo shi ya zo ya harbe ragowar. Yana buɗe jaka na ga kwalin harsashin manne da fulas ɗin ruwan zafin shayin mate, murfinsa a tsage, tururi na fita. Na taɓa kwalin, gefe guda zafi, gefe guda sanyi ƙalau.

Na ce, "Tsoho, idonka lafiya lau. Dafa rabinsu kake yi."

Muka baza su a kan benci suka huce. Ya harba goma, suka fita kai ɗaya. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, mu kuma muka mai da ido kan gajimare.

Washegari ya je karɓar kayansa. Tiburcio ya ce, "Haba Don, a gaban mutum takwas ka ba ni. Amma gareji a buɗe yake, ka zo ka auna, ni kuma in koya."

Sati uku yana fushi. A na huɗu aka gan shi ya nufi garejin da akwatin kwanso a hammata, tun daga bakin ƙofa yana faɗan teburin da aka ɗora sikelin a karkace yake.