Hannu Ɗaya a Baya, Gwaggo Injiniya

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sharar da nake zuwa yi miki a ɗakin aikinki, Gwaggo, ba son shara ne ke kai ni ba. Ni da sai Umma ta yi ta faɗa kafin in ɗauki tsintsiya a gida. Hannuwanki nake zuwa kallo.

Ranar Talata, sha biyu ga watan Afrilu, ina dawowa daga makaranta na tarar da takalma cike a ƙofarmu. Baba, yayanki, shi ya ce da ni Allah Ya yi miki rasuwa bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Gyaran na'urorin asibiti ne aikinki. A wurin zaman makoki wata mata ta zo goye da yaro, ta ce bakwaini ta haife shi, kuma ke kika tayar da na'urar ɗumama jarirai ranar da na'urar ta daina aiki yana ciki. Ba ki taɓa ba mu labarin ba.

Kin gane ni tun tuni. Wata rana kika ce, "Malama Shiru, wannan lungun zai ƙare don shara. Zo ki riƙe min mitar gwada wuta." Kika ɗaure min mayafi ta baya don kada ya taɓa ƙarfen narka dalma. Kika koya min in shinshina fanel, wato allon wayoyin cikin na'ura, kafin in taɓa shi, domin abin da ya ƙone ba ya ɓoye warinsa. Idan akwai wuta a jikin na'ura kuwa, hannu ɗaya ne ke aiki, ɗayan yana baya. Da na manta sai ki ɗalle min yatsa, ki ce, "Lantarki bai san ke 'yar yayana ce ba."

Kin yi alkawarin ke za ki roƙar min Baba ya kai ni makarantar fasaha, tunda kin san ko kuɗin fensir ba na iya tambayarsa. Ajali ya riga ki. Yanzu ana shirin kai ni makarantar kusa da gida, wadda babu ɗakin gwaji a cikinta, kuma babu wanda ya san ina da wani buri.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa jariran nan su zame miki sanadin Aljanna. Ina yi wa Kaka ta'aziyya, da Baba, da Kawu mijinki, da abokan aikinki. Allah Ya ba mu haƙuri.

Injiniyar na'urorin lantarki zan zama, in Allah Ya yarda. Ba zan aiki Umma ba, ba zan jira a tambaye ni ba. Ana tashi daga zaman makoki zan durƙusa gaban Baba in faɗa masa da bakina.