Baiwa, Wadda Ta Fito da Innarmu Daga Ɗaki

Kafin rana ta yi zafi Gwaggo Baiwa ta gama suyar wainarta a bakin tashar Gaya. Ta kife tanda, ta wanke hannu, ta yafa mayafi. A lokacin za ka tarar da 'yan jami'a a kan bencinta, kowa da waya a hannu, an turo su binciken da sai sun yi shi za su gama karatu. Wannan tarihin saƙa take nema, wancan tatsuniya, waccan kuma yadda mata ke adashi. Ba su san kowa ba, ba su san ƙofar da ake shiga ba. Baiwa ce ke hawa babur da su har Balan, har ƙauyukan Ajingi, ta yi sallama ta ce wa matan gida, "Baƙina ne." Tun ana zuwa da rakoda mai kaset take wannan aiki. Ba hukuma ce ta ɗauke ta ba, kuma ban taɓa jin an ce ga sunanta a littafin wani ba.

Abu ɗaya ne ba ta ɗaga ƙafa a kansa. In ɗaliba ta ɗauki muryar tsohuwa, ba za ta tashi ba sai ta kunna mata ta ji da kunnenta, tsohuwar ta ce a tafi da wannan, a goge wancan. Baiwa na tsaye a kai har a goge. Wasu su yi ta ƙunƙuni wai tana ɓata musu lokaci. Sai ta ce, "To, 'yar nan, koma malaminki ya rera miki."

Ni 'yar Gafasa ce, karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban daɗe da tashi daga zaman makokin mahaifiyata ba. In kun ji zafi a maganata, daga nan yake.

Innarmu, wadda gari ya sani da Gaji, ita ce ke ba da waƙa a zamanin da mata ke taruwa su yi wa amarya daɓen ɗaki, kafin siminti ya zo. A zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, kowace da madaɓinta, Inna na bayarwa suna amsawa. Cikin waƙoƙin akwai na wasa, akwai kuma waɗanda ba a fara su sai an tabbata babu namiji a gidan. Maza da kansu suke ficewa tun da safe. Haka aka gada.

Wata ɗaliba mai suna Fauziyya ta ji labarin Inna, ta zo wajen Baiwa. Ranar gwiwar Baiwa ta kumbura, ta ce ta dakata sai jibi su tafi tare. Fauziyya ta ce, "Mama, wallahi lokaci ya ƙure mana." Ta kwashi ƙawayenta suka taho Gafasa su kaɗai.

Maƙwabciyarmu da abin ya faru a gabanta ta ba ni labari. Suka zauna a tabarmar Inna, suka sha furarta, suna ta "Kaka, Kaka." Suka ce don karatu ne, malaminsu kaɗai zai gani. Suka lallaɓa ta ta cire hijabi ta yi ɗaurin ƙirji irin na da, aka lalubo tsohon madaɓi a bayan rumbu. Inna ta ga duk mata ne, ta ga yau an tuna da ita, ta saki baki har da waɗanda ba a yi a gaban maza, su kuwa suna ta ɗaukar bidiyo da waya. Ba su kunna mata ta ji ba. Suka hau babur suka tafi.

Ba a jima ba sai ga Inna a wayar 'yan acaɓa a kasuwa. An yanko wurin da ya fi nauyi, an liƙa masa fuskokin dariya. Yara suka riƙa rera shi a bayanta in ta fito za ta Islamiyya. Har ya kai wayar Da'u, mijin ƙanwata Zinariya, surukin da Inna ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba.

Inna ta shiga ɗaki ta saki labule. Ta daina Islamiyya, ta daina zuwa gaisuwa, sai alwala kaɗai ke fito da ita. Zinariya na da tsohon ciki, Inna ta ce ba za ta je suna ba, ba ta da idon da za ta shiga gidan Da'u. Na durƙusa na roƙe ta. Ta ce, "Ki ƙyale ni. Sun tuɓe ni a kasuwa da tsufana."

Na samu lambar Fauziyya na kira. Ta ce, "Ayya, sorry, ƙawata ce ta saka, amma na goge." Kin goge daga ina? Daga wayar wa? An ce ta ci jarrabawarta, an yabi aikinta. Ina tambayar waɗanda suka yaba: da kuka ga tsohuwa da ɗaurin ƙirji, akwai wanda ya ce uwar wa ce wannan, ta yarda a gani? Kuna turo mana yara kowace shekara, su kwashi abin da ke bakin iyayenmu su wuce, ko gaisuwar mutuwa ba sa dawowa yi. Da uwar ɗayanku ce, da haka za ku yi?

Labari ya kai wa Baiwa. Da gwiwar nan a kumbure ta hau babur. Ba ta fara da gidanmu ba. Ta bi gida gida ta tattaro tsofaffin da suka taɓa riƙe madaɓi, wasu da sanda, wata ma sai da aka riƙo ta. Ranar kasuwa ce. Suka je suka tsaya a inuwar da 'yan acaɓa ke jiran fasinja.

Baiwa ta ce, "Kai mai jar hula, an ce kai ne mai sinima. Kunna mana mu ji."

Ya yi wuf ya cusa wayarsa a aljihu.

"Kunna mana! Ai ga 'yan amshin na kawo maka. Ɗan wa ne kai?"

Wani ya ce ɗan Juwairiyya ne.

"Madalla. Ga kakarka nan a bayana. Ita ce a gefen Gaji ranar da aka yi daɓen ɗakin uwarka, kuma a kan daɓen nan aka yanke maka cibi. Duk mai dariya a cikinku, a kan irinsa aka haife shi."

Kakar ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ni na ma fi Gaji baki, ja'iri. Ko in fara?"

"Don Allah, Kaka, ki rufa mana asiri!"

Nan Baiwa ta tsaya, ɗaya bayan ɗaya suna gogewa tana kallo. Ta san ba za ta bi wayar duniya ba. Amma na Gafasa, waɗanda Inna za ta haɗu da su a hanya, ta bi su.

Daga nan ta wuce gonar Da'u, ta same shi yana cirar gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Da'u, me ka gani a waya?"

Ya karkaɗe ƙasar hannunsa. Sannan ya ce, "Gwaggo, ni ban ga komai ba."

"Me ka ji?"

"Ban ji komai ba."

"Allah Ya yi maka albarka. To wanke ƙafarka ka je ka gaida surukarka yadda ka saba."

Ya zo. Ya tsuguna a bakin ƙofa daga waje, inda ya saba tsugunawa. Ya gaishe ta, ya tambayi jiki, ya ba ta labarin gyaɗa ta yi kyau bana, ya ce haihuwa ta kusa, in an sauka zai turo babur. Can daga bayan labule Inna ta ce, "Allah Ya sauke ta lafiya. Ka gaida mutan gida."

Inna ta je suna. Baiwa na gefenta, tsofaffin nan na biye, ba wanda ya ɗaga ido. Ita ta yi wa jaririyar wanka, ita ta dama kunun mai jego. Ta koma Islamiyya. Bayan 'yan watanni ta kwanta, ba ta tashi ba. A asibiti an ce hawan jini ne. Rai na Allah ne, ban musa ba, amma ni na san ranar da ta fara ramewa.

Gwaggo Baiwa, ke ce kika gyara ɓarnar da ba ke kika yi ba. Ke ce mai sallama kafin shiga, mai tsayawa har a goge. An ce gwiwa ta hana ki hawa babur, kin bar rakiyar ɗalibai. Ban san wa zai tsaya a wurinki ba, kuma wannan na ba ni tsoro. Ku 'yan jami'a, ba mu ce kada ku zo ba, akwai masu kirki a cikinku da suka bi ta hannunta suka tafi da albarka. Amma duk wanda zai ɗauki muryar tsohuwa, ya kunna mata ta ji, ya jira ta ce to. In ba zai iya ba, ya zauna a garinsu.

Inna ta yafe wa Fauziyya kafin ta rasu. Ni ban kai nan ba tukuna. Ke kuwa, Gwaggo, na gode, Allah Ya ba ƙafarki lafiya, Ya rufa miki asiri duniya da lahira. Saboda ke uwata ba ta ƙare kwanakinta a ɓoye ba. Ta ɗauki jikarta a gaban mutane, kanta a ɗage.