Tabon da Ya Gagari Gwaggo Tas

Duk wanda ya sake ce min "ai haƙori ɗaya ne kawai" sai mun ɓata da shi, ko da kuwa ya girme ni. Haƙorin Gwaggo ne, na gaba, na sama, wanda in ta yi dariya shi ake fara gani. Kuma ba tsufa ne ya ci shi ba, ba faɗuwa ta yi ba. Ganganci ne da tsiyar bakin mutane.

Gwaggo yayar babana ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama. Aikinta wanki da guga a wani otal, a ɗakin ƙasa inda tururi ke sa bango zufa. A can suka laƙaba mata suna Tas, don in ta ɗaga zanin gado ta duba shi a haske, kalma ɗaya take faɗa: "Tas." In ba ta faɗa ba, to ya koma ruwa ke nan. Jan-baki a rigar matashin kai, shayi, jini, tawada, tsatsa, kowanne ta san maganinsa. Magana guda ta raine ni da ita: babu tabon da ba ya fita, sai dai hannun malalaci. Na sha ranƙwashi a kan wuyan rigar makaranta saboda maganar nan.

Da haƙorin ya yi ɗan kogo a gefe, ni na raka ta wurin likitan haƙori, kuma har yau in na tuna ɗakin nan sai raina ya ɓaci. Ta kwanta a kujera, ya haske mata baki. Ɗan bututun da ke zuƙe yawu yana rataye a gefe, ya ce ya lalace, ta riƙa haɗiyewa kawai. Waya na maƙale tsakanin kunnensa da kafaɗa, yana ta faɗa da makanikensa. Ya tura mata auduga guda ɗaya, nan take ta jiƙe sharkaf, bai canza ba. Ya ɗebo farin ciko ya cusa gaba ɗaya, ya haska masa wata shuɗiyar fitila don ya bushe, ya miƙo madubi. Gwaggo ta duba, ta karkata kai, ta sake dubawa. Ba a gane inda haƙori ya tsaya ciko ya fara. Ta ce, "Tas." Shi kuwa ko "in kin ga kaza ki dawo" bai ce mata ba, ya riga ya ƙwala wa na gaba kira.

Ba a yi shekara ba wani siririn layi mai ruwan ƙasa ya bayyana a bakin cikon, kamar an ja shi da fensir. Wanda ya fara gani Baffa ne, ƙanen Gwaggo da babana, direba, mutumin da bakinsa ba shi da birki. Ana zaune ana cin abinci, gida cike da mutane, Gwaggo na tsakiyar dariya, sai ya nuna ta da cokali.

"Yaya, ashe mai wankin otal ba ta wanke na gida? Ga datti nan a ƙofar shagonki!"

Aka bushe da dariya. Ita ma ta yi, amma da hannu a baki. Hannun nan bai sake sauka ba.

Washegari na same ta a gaban madubi tana dirza. Burushi da man goge baki, sai gawayi, sai gishiri, sai toka da lemun tsami. Burushi mai laushi ta jefar, ta sayo mai tauri. Kullum kafin ta tafi aiki sai ta dirji wurin kamar wuyan riga, har dasashinta ya riƙa jini. Layin kuwa sai ƙara duhu yake. Ta daina shan ruwan sanyi, don in ya taɓa wurin sai ta runtse ido. Matar da ake jin dariyarta daga ɗakin wanki har ƙofar otal ta koma murmushi da leɓe a rufe.

Na yi magana har na gaji. "Gwaggo, don Allah mu koma a duba."

"In je in buɗe wa mutum baki ya ga ƙazanta? Ke kin taɓa ganin na kai wa baƙo zanin da bai fita ba? Bari ya fita tukuna, sai mu je."

Kun ji fa! Sai ya fita tukuna. Na yi kuka, na yi fushi, na haɗa ta da babana, ta ce masa shi ma ita ta wanke masa majina. Baffa kuma duk zuwan da zai yi sai ya ce, "Yaya, buɗe mu ga ko an yi shara." Rannan na ce masa, Baffa, da bakinka mota ne da tuni an ƙwace lasisinka. Aka ce ba ni da kunya. Na yarda, ba ni da ita.

Wata safiya ta tashi leɓenta ya kumbura har hanci, ido ɗaya ya ƙanƙance. Ban tambaye ta ba, mayafinta na ɗauko. Wannan karon wurin wata likita muka je. Ta ɗauki hoton haƙorin, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo.

"Mama, wannan layin ba a sama yake ba, a ƙarƙashi yake. Farin ciko mannewa yake yi, kamar filasta. In wurin da jiƙa ba ya kamawa sosai. Kuma yana ɗan tsukewa in ya bushe, shi ya sa ake sa shi kaɗan-kaɗan. In baki ya buɗe, ko bai kai silin gashi ba, yawu da shayi da ƙwayoyin cuta sai su riƙa shiga. Da kin zo tun yana layi, da cirewa kawai za mu yi mu sake wani. Yanzu ruɓar ta gangara har saiwa."

Gwaggo ta ce, "Wato ba datti ba ne?"

"Ba datti ba ne, Mama. Ko shekara goma za ki yi kina gogewa ba zai fita ba."

Ni kuwa ga abin da ya fi ƙona min rai. Mutum ya kasa ajiye waya ya canza auduga, ya kasa faɗin magana ɗaya tak, wani ya mai da abin wasa, kuma ita ce za ta zauna a kujera a zare mata haƙori. Na koma wurin likitan farkon daga baya, na zazzage masa abin da ke cikina. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ciko ba ya dawwama. Allah ya isa kawai na ce na fito.

Da aka cire, likitar za ta jefa shi a kwandon shara, Gwaggo ta miƙa hannu, bakinta cike da auduga. Aka naɗe mata shi. Cikon yana nan fari fat kamar ranar da aka sa shi, bayansa kuwa baƙi ƙirin.

Da yamma Baffa ya zo dubiya, yana sunkuyar da kai. Gwaggo ta tashi ta shiga kicin ta fito da ƙaramin kofi. Warin bilic ya cika ɗakin. Tun da muka dawo ashe ta jiƙa haƙorin a ciki. Ta tsamo haƙorin da cokali, ta ɗauraye, ta ɗaga shi a hasken taga ta juya shi gaba da baya. Layin ya ɓace. Ta ajiye shi a tafin hannun Baffa, ta rufe masa yatsu a kai.

"Ga shi nan, ƙanena," ta ce, iska na fita ta giɓin. "Ya fita."